Tsirkiyar Baya: Abin da Ya Haɗa Gaiwa da Akuya da Ɗan Adam

'Yan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na yau a kan baya yake. Da baya ake noma, da baya ake ɗaukar kaya, a baya ake goyon ɗa. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda bayan nan yake farawa. Kafin ƙashi ya samu, akwai wata 'yar igiya mai taushi da take fara shimfiɗuwa a jikin ɗan tayi. Ita ce tushen gadon baya. Wanda ya san ta zai gane abu biyu masu amfani. Na farko, dalilin da ya sa lafiyar jariri take farawa tun uwa ba ta san tana da ciki ba. Na biyu, dalilin da ya sa baya yake ciwo in an yi masa ɗaukar ganganci.

1. Dabbobi kashi biyu

Ku ɗauki fara ku duba ta. Taurinta a waje yake, kamar sulke. In aka ɓare ta ba a samun ƙashi a ciki. Babbar jijiyarta kuma ta gefen ciki take bi, ba ta gefen baya ba. Haka kunama take, haka gizo-gizo, haka tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi.

To, ku dubi akuya a hannun mahauci. Namanta a waje yake, ƙashi yana ciki. Daga wuya har wutsiya akwai jerin ƙasusuwa, a cikinsu kuma akwai rami inda wata farar jijiya take kwance. Wannan jijiya ita ce laka. Kada a rikita ta da lakar tabki, suna ne kawai ya zo ɗaya. Kifi da kwaɗo da ƙadangare da maciji da kaza da zabo da jaki da raƙumi da mutum, duk ginin jikinsu ke nan.

Masana sun tara wannan kashi na biyu cikin babban gida guda, suna kiran sa kodata. Sunan ya fito daga wata kalmar Girkanci mai nufin tsirkiya. 'Yar igiyar nan da muka ambata kuwa suna ce mata notokod, wato tsirkiyar baya. Da wannan suna na Hausa za mu riƙa kiran ta. Dabbobi masu ƙashin baya sun fi iri 60,000, kusan rabinsu kifaye ne. Ƙwari kuwa, waɗanda aka sani sun kai iri miliyan 1. Ashe gidanmu ƙarami ne in aka gwada shi da nasu.

2. Alamomi biyar na 'yan gidan

Kowane ɗan wannan gida yana da alamomi 5. Ba lalle ba ne a gan su ga babba. Wasu suna bayyana ne lokacin da halitta take cikin ƙwai ko cikin mahaifa, daga baya su sake kama.

Alama ta 1: tsirkiyar baya. Sanda ce siririya, cikinta cike da ruwa, an naɗe ta da fata mai ƙarfi. Tana lanƙwasuwa dama da hagu, amma ba ta takurewa. Tana kwance ƙarƙashin laka, bisa hanji.

Alama ta 2: laka mai rami a tsakiya, wadda take bin gefen baya. Kanta na gaba shi ne yake kumbura ya zama ƙwaƙwalwa.

Alama ta 3: tsagogi a maƙogwaro. Ga kifi, su ne jajayen abubuwan nan na gefen kai da yake shaƙar iska da su cikin ruwa. Ga ɗan tayin mutum ba sa buɗewa, kuma ba ya numfashi da su. 'Yan kwarmi ne kawai a gefen wuya. Daga wurin ne muƙamuƙi da cikin kunne da maƙogwaro suke samuwa.

Alama ta 4: wutsiya wadda ta wuce dubura. Ɗan tayin mutum yana da ita a mako na 5, kafin mako na 8 ya cika ta shige. Abin da ya rage shi ne ɗan ƙashin nan na ƙarshen gadon baya, wanda yake yi wa mutum zafi in ya faɗi zaune.

Alama ta 5: wani ɗan wuri a ƙasan maƙogwaro mai tara sinadarin iyod. Ga mutum shi ne kaluluwar gaban wuya. In iyod ya yi ƙaranci cikin abinci, ita ce take kumbura ta zama maƙoƙo. Shi ya sa ake cewa a sayi gishiri mai iyod.

3. Gaiwa, malamarmu ta cikin tabki

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga tsirkiyar baya da idonmu. Tana jikin gaiwa.

Masu kamun kifi a tabkunan jihar Tawa sun san gaiwa sarai. Doguwa ce, tana iya kai mita 1. Tana da huhu, tana leƙowa bisa ruwa ta shaƙi iska. In tabki ya ƙafe sai ta haƙa rami cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi. Haka take kwana da tashi har damana ta dawo. Cikin watannin nan ba ta ci ba ta sha, da naman jikinta take rayuwa. Shi ya sa ake cewa gaiwa jikinta take ci.

In aka yanka gaiwa gunduwa-gunduwa, a duba tsakiyar kowane yanki. Ba za a ga dunƙulen ƙashi mai tauri ba. Abin da za a gani shi ne wata farar igiya mai taushi, ta taso daga kai ta nufi wutsiya. Wannan ita ce tsirkiyar baya. Gaiwa tana riƙe da tata har ta mutu.

Sa'an nan a ɗauki tarwaɗa ko karfasa a gwada. Su suna da jerin ƙasusuwa masu tauri. A ɓalle guda ɗaya a duba. Kowane gefe yana da ɗan kwarmi kamar mazurari, a ciki akwai wani abu mai laushi. Wannan shi ne ragowar tsirkiyarsu, ƙashi ya kewaye ta ya matse ta.

Daga nan a je wurin mahauci a dubi gadon bayan tunkiya. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai ɗan faifai fari. Bakinsa yana da tauri kamar guringuntsi, tsakiyarsa tana da laushi. Tsakiyar nan daga tsirkiyar baya ta samu. Ke nan mun ga mataki 3: ga gaiwa tsirkiya tana nan ɗungum, ga tarwaɗa ƙashi ya matse ta, ga tunkiya da mutum ta koma 'yan matasai tsakanin ƙasusuwa.

4. Yadda aka gano ta

A cikin ƙwan kaza aka fara bayyana ta. Wani masani mai suna Karl Ernst von Baer ya yi ta fasa ƙwai da kaza take kwanci a kai, yana duba su da madubin ƙara girma. A shekarar 1828 ya rubuta abin da ya gani. Kaza tana kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe, amma tun ranar farko tsirkiyar baya take fitowa, kafin zuciya ta fara bugawa.

A shekarar 1866 wani masani ɗan Rasha, Alexander Kowalevsky, ya gano wani abin mamaki. Cikin teku akwai wasu halittu masu kama da salka, suna manne da duwatsu, ba kai ba ƙafa. Da ya duba 'ya'yansu sai ya ga suna iyo kamar talibambam, wato ɗan kwaɗo, kuma a wutsiyarsu akwai tsirkiyar baya da laka. In sun girma sai su manne wuri guda, wutsiyar ta ɓace. Akwai kuma wata 'yar halitta siririya mai kama da kifi da take ɓuya cikin rairayin teku. Ba ta da ƙashi ko kaɗan, sai tsirkiya daga kai har wutsiya. Daga nan aka gane cewa tsirkiyar ita ce alamar gidan, ba ƙashi ba. Duk mai ƙashin baya da tsirkiya ya fara, amma ba duk mai tsirkiya ne yake yin ƙashi ba.

Duwatsun Adar ma suna da shaida a kan tsufan wannan gida. Shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce teku ya rufe ƙasar nan. Shi ya sa ake tsintar kwasfar halittun ruwa cikin farin dutse a tsaunukan Kaita da Buza. A dutsen Igdaman, cikin jihar Tawa, masana sun tono haƙoran kifayen teku da ƙasusuwan bayan manyan dabbobin ruwa. A shekarar 1991 aka raɗa wa ɗaya daga cikinsu suna Igdamanosaurus, don tunawa da wurin.

5. Kwana 28 na farkon ciki

Yanzu mu zo ga abin da ya shafi gidajenmu. A mako na 3 bayan ciki ya shiga, tsirkiyar baya take shimfiɗuwa a jikin ɗan tayi. Aikinta kamar na igiyar magini ne. Magini yakan ja igiya kafin ya aza tubali, bango kuma ya bi ta. Tsirkiya ce take nuna inda tsakiyar jiki yake. Ita ce kuma take sa fatar da ke bisanta ta yi kauri, ta lotsa, gefunanta biyu su taso su haɗu, kamar yadda ake naɗe tabarma. Wannan naɗi shi ne yake zama laka da ƙwaƙwalwa. Daga baya ƙasusuwa su taru su kewaye su.

Naɗin yana gama rufewa wajen kwana 28. A lokacin ɗan tayi bai wuce ƙwayar dawa ba. Uwa kuwa ba ta daɗe da ɓatan wata ba, sau da yawa ma ba ta tabbatar da cikin ba.

In naɗin bai rufe ta wajen kai ba, ƙwaƙwalwa ba ta cika, jaririn ba ya rayuwa. In bai rufe ta wajen ƙasa ba, sai a haifi jariri da ƙari ko buɗaɗɗen rauni a gadon baya. Ƙafafunsa suna iya shanyewa. Yana iya kasa riƙe fitsari da bayan gida. Sau da yawa kuma ruwa yana taruwa a kansa, kan ya yi ta girma. Wannan ba aikin maita ba ne, ba kuma sammu ba ne. Kada a zargi uwa, kada a zargi kishiya.

Babban abin da yake kawo shi shi ne ƙarancin wani sinadarin abinci da likitoci suke kira folik. A shekarar 1991 aka bayyana sakamakon wani babban bincike da likitocin Ingila suka jagoranta, a kan matan da suka taɓa samun irin wannan ciki. Waɗanda suka sha folik tun kafin su sake ɗaukar ciki, haɗarin ya ragu gare su da kusan kashi 7 cikin 10. Tun 1998 ƙasar Amurka take zuba folik cikin garin alkama, kuma yawan irin wannan haihuwa ya ragu a can. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta sha maikirogiram 400 kowace rana, tun daga lokacin da take neman ciki.

Ga abin da ya kamata a yi:

Ƙwayar ƙarin jini da ake bai wa masu ciki a gidan likita tana ɗauke da folik. Amma wadda ta jira sai ciki ya yi wata 5 kafin ta je awo, lokacin kare bayan jariri ya wuce, ko da yake ƙwayar za ta amfani jininta. Amarya, da duk macen da take sa ran ciki, ta je ta nemi shawarar ungozomar asibiti tun da wuri. Da ta ga ɓatan wata kuma ta koma, kada kunya ta hana ta. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta shelanta cewa awon ciki kyauta ne.

A yawaita cin wake da gujiya da zogale da alayyafo da kuɓewa da kabeji. Duk suna da folik. Amma doguwar dahuwa tana kashe shi. Kada a bar ganye yana ta tafasa har ya yi baƙi. Abinci yana taimakawa ƙwarai, amma bai ɗauke wa mace shan ƙwayar ba.

Zazzaɓi mai zafi a farkon ciki yana ƙara haɗari. A kwana cikin gidan sauro, in jiki ya yi zafi a je gidan likita. Mai ciwon sukari, da mai shan maganin farfaɗiya, su ga likita kafin su ɗauki ciki. Kada mai farfaɗiya ta bar maganinta da kanta.

Maigida, wannan magana taka ce. Kai ne mai ba da izinin zuwa awo, kai ne mai cefane. Waken da aka girbe kada a kai shi kasuwa duka.

In an haifi jariri da ƙari a baya, kada a matsa, kada a tsaga, kada a shafa toka ko wani magani. A rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a kwantar da shi ta gefe ko rub da ciki, a kai shi asibiti ran nan. Asibitin Madawa ko na Buza ko na Kaita za su san inda za su tura shi. In an yi aiki da wuri, da yawa suna rayuwa, su yi karatu, su yi sana'a.

6. Matasan da ke bayan babba

Gadon bayan mutum yana da ƙasusuwa 33. Akwai 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu. Ƙarƙashinsu akwai 5 da suka haɗe wuri guda, da 4 ƙanana a ƙarshe. Raƙumi ma, duk tsawon wuyansa, ƙashi 7 gare shi a wuya kamar mu. Tsakanin ƙasusuwanmu akwai faifai 23, kowanne da 'yar matashinsa mai laushi a tsakiya. Wannan ita ce gadon da tsirkiyar baya ta bar mana. Ita take shanye nauyi in muna tafiya ko muna ɗauke da kaya.

Tsakiyar faifan ruwa ne mafi yawa. In shekaru suka tura sai ta fara bushewa, shi ya sa tsoho yake rage tsawo. In kuma mutum ya duƙa ya fizgi kaya mai nauyi yana murɗa jiki, bakin faifan yana iya tsagewa. Sai tsakiyar ta ɓullo ta danne jijiya. Ciwo ya taso daga ƙugu ya bi cinya har tafin ƙafa.

Mutanen ƙasar nan sun san nauyi. Tun da aka fara aikin raya karkara na Kaita a 1984, dubban mutane, yawancinsu mata, sun ɗauki duwatsu a ka don tare ruwa da farfaɗo da fako. A garaken albasa na Madawa da Galmi, buhu guda yakan kai kilo 100. Ga jan guga, ga daka, ga tulu. Aiki ba ya ƙarewa, amma akwai yadda za a yi shi baya ya daɗe.

A matso kusa da kaya, a durƙusa da gwiwa, a miƙe baya, a tashi da ƙarfin cinya. Kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu, a juya da ƙafa. Buhun albasa na mutum biyu ne, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kada a aza wa yarinya tulun babba, ƙashinta bai gama ƙwari ba. Mai ciwon baya kada ya kwanta kwana da kwanaki, tafiya a hankali ta fi. Yawancin ciwon baya yana sauƙi cikin 'yan makonni.

Amma a gaggauta zuwa asibiti in ƙafa ta mutu ko ta yi sanyi, in fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa, ko in ciwon ya zo da zazzaɓi da rama da zufar dare. Tarin fuka yana iya cin ƙashin baya har ya fitar da ƙusumbi, kuma yana da magani. Akwai wata cuta kuma da take sa dabbobi ɓari, tana kama bayan mutum ta hanyar ɗanyar madara. A tafasa madara kafin a sha.

Wanda ya faɗo daga bisa itace, ko ya faɗa rijiya, ko ya yi haɗarin babur yana kukan wuya ko baya, kada a zaunar da shi, kada a aza shi a kan kabu-kabu. A kwantar da shi a kan ƙyaure ko katako, mutum guda ya riƙe kansa daidai da jikinsa. Laka in ta tsinke ba ta haɗuwa.

Dabbobin aiki ma haka suke. Kada a yi wa jaki lodi kafin ya cika shekara 3. A sa masa akumari mai kauri, mangala ta daidaita dama da hagu, kada nauyi ya zauna bisa ƙashin bayansa. Dukan gadon baya da sanda yana gajarta kwanan aikin dabba.

7. Mu riƙe

Duk mai ƙashin baya da tsirkiyar baya ya fara. Gaiwa tana riƙe da tata, tamu kuwa ta koma matasai tsakanin ƙasusuwa. Lakar jariri tana rufewa cikin kwana 28, saboda haka folik kafin ciki ake fara shan sa. Kaya kuma da gwiwa ake ɗaga shi, ba da ƙugu ba.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ginin jikin fara da na akuya?
2. Ku kawo alamomi 5 na dabbobi masu tsirkiyar baya.
3. Cikin kwana nawa lakar ɗan tayi take rufewa?
4. Ku rubuta abinci 4 masu folik da ake samu a garinku.
5. Yaya za a ɗauki wanda ya faɗo daga bisa itace?

Aikin aji: ran kasuwa ku samo ƙashin bayan tunkiya da na tarwaɗa, da yankin gaiwa in akwai. Ku nuna wa juna inda laka take da inda tsirkiya take. Kowa ya zana abin da ya gani cikin littafinsa, ya rubuta sunayen. In kun koma gida, ku karanta wa iyali kashi na 5.